Tambayoyin Masu Karatu: Ina so in sauko da Pokémon daga waya zuwa tabarma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, ina koyon gyaran waya a Adum. Akwai yara biyar a gidanmu, ƙannena da 'ya'yan yayata, babban shekararsa 14, autar 8. Tun da suka ga ina buga tsohon wasan Pokémon a wayata, wanda ake kama halittu ana haɗa su faɗa, ba ni da sakat, kowa waya yake so, in caji ya ƙare kuma sai kuka. Na ji akwai wasan da ake zama wuri ɗaya, mutum guda yana jan labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, ana jefa ƙwayar ludo a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Na ce bari in mayar da Pokémon haka. Na kwafo lambobin halittun har na cika littafi, na kwafo lissafin duka. Ranar da muka gwada, faɗa ɗaya ya kai mu daga bayan la'asar har kiran magariba, ina ta danna kalkuleta, uku suka tashi suka tafi ƙwallo. Ga Hajiya kakarmu ta ce ba za a yi mata caca a tsakar gida ba. Ina mafita?

*Wani yaya, daga Aboabo*

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ka zauna ka cika littafi saboda ƙannenka. Ni lissafi nake koyarwa a makarantar JHS, wato ƙaramar sakandare, kuma ina jan irin wannan wasa wa yaran unguwarmu ranar Asabar, don haka wasiƙarka ta zo inda ake son ta.

Ka ajiye littafin nan tukuna. Lissafin da ka kwafo an yi shi ne don na'ura. Duk lokacin da Charmander, ɗaya daga cikin halittun, ya hura wuta, na'urar tana haɗa matakinsa, da ƙarfin harin, da ƙarfinsa, da taurin abokin karawarsa, ta ninka da ɗaya da rabi in harin na jinsinsa ne, ta duba ko jinsin ya rinjayi wancan, sannan ta ƙara wata lambar sa'a tsakanin kusan kashi 85 da 100. Kafin ka ƙifta ido ta gama. Kai kuwa ka ce za ka yi wannan da hannu yara biyar suna kallonka, kamar wanda ya ce zai kwashe kayan tirela a ka daga Kejetia zuwa Tafo. Duba yawan abin ma: a Pokémon mutum yana yawo da halitta shida, kowace da hari huɗu. Yara biyar ke nan halitta 30, hari 120, duk a kanka kai kaɗai. Kuma wasan asali na mutum ɗaya ne, ba wanda yake jiran wani. A tabarma, duk minti ɗaya da ka ba yaro guda, huɗu suna zaune hannu rabbana. Jiran nan ne ya kori yaranka zuwa ƙwallo, shi za mu yi wa magani.

Ka tambaye su me suke so a Pokémon ɗin. Ba wanda zai ce maka lissafi. Za su ce zaɓen halittar farko, da shiga ciyawa ba ka san me zai fito ba, da bugun zuciya lokacin da ƙwallon kamu yake girgiza, da ranar da ɗan ƙaramin abinka ya rikiɗa ya zama ƙato, da sanin cewa ruwa yana cin wuta. Waɗannan za ka ɗauko, saura ka bar wa waya.

Ga yadda nake yi. Kowace halitta kati ɗaya, daga kwalin sabulu ko na madara, faɗin tafin hannu. A kai akwai suna, jinsi, da lambobi uku kawai: ƙarfi, tauri, sauri, kowace daga 0 zuwa 2. Hari biyu ya isa. Sai layi biyu da na fi ba muhimmanci, ɗaya na hali (matsoraciya ce, ko mai kwaɗayi, ko mai zuciya), ɗaya na abin da take iyawa in ba faɗa ake ba, kamar haƙa rami ko gani cikin duhu. Jini kuwa, wato ƙarfin da ya rage wa halitta, ba a rubuta shi. Marafen kwalba shida ake jerawa a gaban katin, in an sha duka a ɗauke. Yarinya 'yar shekara 8 tana ganin marafenta sun koma biyu ta san halin da take ciki, ba sai an gaya mata ba. Kowa ya fara da halitta ɗaya, kada ta wuce uku a hannunsa, ɗaya ce kuma take fita fili a lokaci guda.

Ƙwayar ludo biyu ake jefawa, a haɗa, a ƙara lambar da ta dace a kati. In an samu 10 ko fiye, abin ya yiwu sarai. In 7 zuwa 9 ne, ya yiwu amma da hasara. In 6 ne ko ƙasa, bai yiwu ba, kai mai jan labari sai ka faɗi abin da ya biyo baya. Wannan tsari ba ni na ƙago shi ba, wani Ba'amurke Vincent Baker ne ya shahara da shi a wasansa na 2010. Kakan irin waɗannan wasanni, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, an san shi da ƙwaya mai fuska 20. Ta ludo kuwa kowane gida a Zongo akwai ta, kuma biyu sun fi ɗaya daɗin sha'ani. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa hanya 36. Shida daga ciki suna ba da 10 zuwa sama, 15 suna ba da 7 zuwa 9, sauran 15 faɗuwa ce. Ka ga tsakiyar nan tana da faɗi, kuma a nan daɗin labarin yake: ka buge shi amma ƙafarka ta zame cikin kwata, ka tsallake katanga amma jakarka ta maƙale. A faɗa, 10 tana ɗauke marfi uku na abokin karawa, 7 zuwa 9 tana ɗauke biyu kai ma ka rasa ɗaya, 6 zuwa ƙasa kai ne ka rasa biyu. Zagaye uku ko huɗu an gama.

Maganar jinsi ita ce zuciyar Pokémon, kada ka yar da ita, amma ka rage. Wasan farko da ya fito a Japan a 1996 yana da jinsi 15, yanzu 18 ne, wato teburi mai gida 324. Ka tsaya a shida: wuta, ruwa, tsiro, lantarki, ƙasa, iska. Ruwa ya ci wuta, wuta ta ci tsiro, tsiro ya ci ruwa da ƙasa, lantarki ya ci ruwa da iska, ƙasa ta ci lantarki da wuta, iska ta ci tsiro. Duk wannan daga wasan asali yake, yaranka sun riga sun haddace rabinsa. Maimakon ninka lamba, wanda jinsinsa ya rinjaya ya jefa ƙwaya uku ya ɗauki manya biyu, wanda aka rinjaya ya jefa uku ya ɗauki ƙanana biyu. Na lissafa maka: ba tare da ƙarin kati ba, samun 7 zuwa sama da ƙwaya biyu kashi 58 ne cikin ɗari, da rinjaye ya hau 81, in kai aka rinjaya ya sauko 32. Bambanci ne da yaro yake ji a jikinsa, amma 32 ba sifili ba ce, mai taurin kai yana iya ba kowa mamaki.

Yanzu jiran. Kada ka yawaita faɗan ɗaya da ɗaya. Ka sa su biyar su tunkari abu ɗaya babba mai marfi 15, kowa ya samu jifa a kowane zagaye. In kuwa dole ne biyu su kara, miƙa katin halittar daji ga ɗaya daga cikin masu zaman kallo, shi ya yi kukanta, shi ya zaɓi harinta. Wanda aka ba katin kura ba ya tashi ya tafi ƙwallo.

Kamu shi ne inda tabarma ta fi waya nesa ba kusa ba. A waya hanya ɗaya ce: ka raunana halitta, ka sa ta barci ko ka sandarar da ita, ka jefa ƙwallo. A tabarma akwai mutum mai jin magana, wato kai. Ni nakan fara da alama, sawu a laka, ko buhun gyaɗar wata mai koko da aka huda da dare. In sun iske halittar, jifan kamu yana samun ƙarin 1 in jininta ya sauka rabi, yana samun ƙarin 1 kuma in sun gano abin da take so ko abin da take tsoro. Wata Asabar na fito musu da bushiya mai ƙayar wuta ta ɓuya a ƙarƙashin rumfa. Mazan duk sun ɗaga ƙwaya suna jiran faɗa. Wata yarinya, wadda da wuya ka ji muryarta a aji, ta zaro ƙwayar gyaɗa ta gaske daga ƙullin mayafinta, ta ajiye a gefen katin, ta ce kowa ya ja baya, ba ku ga rawar jiki take ba? Ta jefa ta samu 8. Na ce bushiyar ta bi ki, amma ba za ta yarda kowa ya taɓa ta ba sai ke. Har yau in an raba kati ita take goge nata da gefen hijabi kafin ta ajiye. Ba wata na'ura da za ta karɓi gyaɗar nan, kai za ka iya, kuma ina roƙonka ka riƙa karɓa.

Rikiɗa ma kada ka ɗaura ta a kan tara maki. A waya Charmander yana rikiɗa a mataki na 16 da na 36 saboda na'ura tana ƙirga. Kai ka zana gida uku a bayan kati. Duk ranar da halitta ta yi wani abin a zo a gani, ta ceci wani, ko matsoraciya ta tsaya ba ta gudu ba, a cike gida ɗaya. In sun cika, yaron ya zana sabon kati da hannunsa, a ƙara 1 a lamba ɗaya da sabon hari. Ka kuma saka halitta ɗaya irin Magikarp, kifin nan da ba ya tsinana komai sai ya kai mataki na 20 ya zama Gyarados, ƙaton dodon ruwa. Wanda ya yi haƙurin renonta ya ci riba a gaban kowa. Wata ƙa'ida da za ka riƙe daga wasan asali: halitta ba ta mutuwa, suma take yi. Autarku ba za ta yafe maka ba in ka kashe mata tata.

Ka bar su su fara da Pikachu in shi suke so. Amma shawarata, sannu a hankali ka shigo da na gida. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙago Pokémon, yaro ne mai kamun ƙwari a bayan garin Tokyo, kuma ƙasar wasan farko mai halitta 151, Kanto, sunan yankin da Tokyo take ne. Unguwarsu ya zana. Kai ma ka zana Kumasi: jemagun da suke rufe sama wajen gidan zoo kusa da Kejetia su zama na iska, dajin Bobiri mai malam-buɗe-littafi ya zama gidan na tsiro, tafkin Bosomtwe da dutse daga sama ya haƙa ya ɓoye wani abu a ƙasansa. Muna da minjirya, kifin da yake da lantarki na gaske, muna da hawainiya, damo, gafiya, ga beguwa da Asante suka ɗauka tambari. Gwanaye takwas da ake bi a karɓi lambar yabo a hannunsu, ka raba su unguwa-unguwa, na Asawase daban, na Alabar daban. Akwai wata fa'ida kuma. Sunaye da hotunan Pokémon mallakar kamfanin Nintendo da abokan hulɗarsa ne, wasa da su a gida ba komai, amma bugawa a sayar ba naka ba ne. Bushiyar da ƙanwarka ta zana kuwa tata ce.

Sai Hajiya. Kada ka yi mata gardama, maganarta tana da tushe. Akwai malaman da suke hana wasa da ƙwaya ko ba a sa kuɗi ba, hukuncin kuma nasu ne, ka kai wa malaminku tambayar yadda take. Abin da ke hannunka shi ne kada a sa ko pesewa ɗaya, ko alewa, kada wani ya ci katin wani, in an kira salla a tashi ko ana tsakiyar faɗa. In ta ce ƙwayar ce dai ba ta so, wasan yana tafiya ba ita. Kowane yaro ya riƙe marfi shida daban da na jini, an rubuta 1 zuwa 6 a cikinsu, kai ma ka riƙe naka. In za a kara, kowa ya zaɓi ɗaya a ɓoye cikin tafinsa, a buɗe tare, a ƙara lambar kati, mai rinjayen jinsi ya ƙara 2. Wanda ya fi yawa ya ci, in tazarar ta kai 3 ya ci sarai, in ba ta kai ba ya ci da hasara, in an yi kunnen doki kowa ya rasa marfin jini ɗaya. Marfin da aka buɗe ba ya dawowa sai an ƙare shidan duka, saboda haka yaro zai yi tunani kafin ya kashe 6 ɗinsa a kan gafiya. Wannan ya fi kusa da dara, ba jifa ba sa'a. Ka nuna wa Hajiya marafen da katunan kafin ka tara yaran, ka nemi izininta, kuma zaman farko kada ya wuce awa ɗaya.