Da me ƙanena zai fara koyon haɗa kayan lantarki?

Malam, ka tambaya ko ka fara saya wa ƙanenka ƙarfen narka dalma. Ka dakata tukuna. Nemo masa Arduino Uno, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake sarrafa kayan lantarki da shi, da mita mai auna wuta da ƙananan fitilun LED, sai allon gwaji mai ramuka, wanda ake soka waya kawai ba sai an liƙa ba. Ka duba kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja, duk a Legas.

Arduino da volt 5 yake aiki, ko fawa banki ya ishe shi in an ɗauke wuta. Kada ya jona LED ba rezista mai om 220, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga fitilar, in ba haka ba ƙonewa za ta yi. Wutar soket kuwa, volt 230, don Allah kada ya taɓa ta shi kaɗai.

In ya saba, kai shi unguwar Yaba a Legas inda matasan fasaha ke taruwa, ya koyi dalmar a gaban wanda ya iya.