Daga Hotoro zuwa Kantin Kwari a kan keke: ta ina zan bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Hotoro, ina jiran shago a Kantin Kwari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin A Daidaita Sahu ya fi ƙarfina, shi ne na sayi keke. Sai dai titin Maiduguri da gadar Dangi suna ba ni tsoro. Wace hanya ta fi?
Mai karatu daga Hotoro, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tsoron nan naka da dalili. Kuskuren da sabon mai keke ya fi yi shi ne bin hanyar da ya saba bi a mota. Direba babban titi yake nema. Kai kuwa abin ƙirgawarka shi ne shataletale nawa za ka ratsa, mahaɗa nawa, kuma ina manyan motoci suke bi. A cikin gari keke yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa, ke nan zagayen kilomita ɗaya minti biyar kawai zai ci maka. Ka biya wannan minti biyar ɗin da zuciya ɗaya.

Shawararmu ita ce ka rabu da titin Maiduguri da wuri, ka ratsa ta Nasarawa GRA, inda tituna irin su Sultan Road da Alu Avenue ba su cika cunkoso ba, ga kuma inuwar bishiyoyi, wadda za ka san daɗinta a Maris da Afrilu. Bayfas kuwa, hanyar tirela da tanka ce, kada ma ka fara.

Kada ka hau gadar sama, ko ta Dangi ko ta Ƙofar Nasarawa. A hawa gudunka yana raguwa daidai lokacin da motoci suke ƙara wuta, kuma babu gefen da za ka kauce. Ka bi titin ƙasa da ke gefenta. Gadar ƙasa ma ka guje ta: direban da ya shigo daga hasken rana ba ya saurin hango ka a duhunta, da damina kuma ruwa yakan taru ya rufe ramuka. Idan babban shataletale ya zama dole, ka sauka, ka tura keken ka tsallaka hannu ɗaya bayan ɗaya.

Wanda za ka fi fama da shi kullum ɗan A Daidaita Sahu ne. Da ya ga an ɗaga hannu zai karyo dama ya taka birki, ba sigina, kuma daman nan ita ce wurinka. Don haka ka bar tazarar tsawon keke uku tsakaninku, idonka kuma ya riƙa kai wa ga mutanen da ke tsaye a bakin titi. Wanda ya ɗaga hannu ya riga ya gaya maka abin da zai biyo baya.

Tirela da tifa sun fi shi haɗari. Direba a hagu yake zaune, gefensa na dama shi ne inda bai cika gani ba, kuma idan zai yi kwana tayoyin baya suna yankowa ciki fiye da na gaba. Kada ka taɓa kutsawa tsakanin babbar mota da bakin titi, ko da tana tsaye a danja. Ka jira a bayanta.

Kada kuma ka manne wa gefen kwalta. Can ne yashi yake taruwa ya kwashe tayar gaba, can ƙusa da fasasshiyar kwalba suke, can kwalbati marar murfi take. Ka bar kamar mita ɗaya, haka ma tsakaninka da motar da aka ajiye, saboda ƙofa. Bin wan-we kuwa, wato bin hannun da ba naka ba, mun hana: mai fitowa daga layi hagunsa yake dubawa, ba ya tsammanin kowa daga dama.

Ka fara gwada hanyar ranar Lahadi da safe, kana lura da ramuka da inda masu faci suke zama, sannan ka sake bin ta ranar aiki, ka fito minti 20 kafin lokacinka. Ka tanadi hanya ta biyu saboda ruwan Agusta da kuma ranar Juma'a, da sahun masallata kan rufe wasu titunan. Idan ka iso titin IBB ko Ibrahim Taiwo, inda 'yan dako da masu kura suke cika hanya, turawa ta fi hawa sauri.

TAMBAYA: Ba na tashi daga aiki sai bayan Magariba. Fitilar waya ta isa?
Mai karatu daga Kabuga, Kano

AMSA: Ba ta isa ba, ga shi kuma tana cinye maka hannu ɗaya da birki yake bukata. Ka ɗaura farar fitila a gaba, ja a baya, ka sa riga mai ƙyalli a kan kayanka, da hular kwano. Ta bayan ce za ka fi kula da cajinta, domin mai zuwa ta baya ba ka ganin sa, musamman da hazon Disamba da Janairu. Idan babbar riga ko jallabiya ka sa, ka tattare ta kada sarƙa ta kama.