Ba a jiran ruwa ya ƙare kafin a ɗaura noradirenalin

Ka tambaye ni, ɗana, in ƙwayoyin cuta sun mamaye jinin mutum har tansiyo ya faɗi, sai an gama ƙarin ruwa tukuna a sa maganin ɗaga shi, wato noradirenalin, ko kuwa a haɗa su? Ba zan tsaya koya maka gwada tansiyo da neman jijiya ba, wanda bai iya wannan ba ya koma gida. Maganin kashe ƙwayoyin kuma a cikin awar farko ake ba da shi, ko mai shara ya san haka.

Wata mai jego aka kawo mana daga wani ƙauye na wajen Mirya, ana tsakiyar zafin Afrilu. A gida ta haihu, mahaifa ta ruɓe mata. Jiki kamar garwashi, tansiyo 8 da 4, wato 80 da 40. Ka lissafa da kanka: na ƙasa sau biyu, ka ƙara na sama, ka raba uku. Ya ba ka matsakaicin tansiyo 53, alhali 65 ake nema. Na ƙasan nan da ya sauka har 40 shi ke gaya maka jijiyoyi sun saki, ba ruwa kaɗai ne babu ba. Muka ba ta abin da ƙa'ida ta ce, ruwa mililita 30 a kowane kilo, tansiyon bai motsa ba. Na riga na zuƙe noradirenalin na ajiye a kan tire. Likitan da ke gadi, wani sabon yaro, ya ce sam, ba za a sa ba sai ta babbar jijiyar wuya. Robar da ake zurawa a jijiyar wuyan babu ita a ɗakin. Mijin ya hau kabu-kabu yana bin farmasi-farmasi cikin dare da kuɗin akuyar da ya sayar. Shi kuwa likita sai ce mini yake "ƙara ledar ruwa, Majo, ƙara leda". Na ce masa Dokta, tulu ne fasasshe kake yi wa ɗuri. Ya ce ba haka aka koya masa ba. Kafin asuba huhunta ya cika, tana ta kumfa a baki, fitsarin da ke cikin jaka bai kai cokali biyu ba. Da mijin ya dawo da robar ƙodarta ta riga ta tsaya. Uwarta na zaune bakin ƙofa da jaririn a cinya, sai cewa take "Allah ya saka muku". Kwana ya ƙare, na sani, amma har gobe in na tuna allurar nan a kan tire raina ɓaci yake.

Yau ga shi a rubuce. Ƙa'idar duniya ta 2021 kan wannan cuta ta ce a fara maganin ta jijiyar hannu maimakon a zauna jiran ta wuya, muddin jijiyar babba ce, a gwiwar hannu ko sama da ita, kuma na ɗan lokaci. A Tailan, a 2019, waɗanda aka fara wa noradirenalin da wuri sun fi saurin daidaituwa cikin awa 6, ruwa kuma bai cika taruwa a huhunsu ba. A Zambiya, a 2017, manyan da aka ɗura wa ruwa da yawa bisa tsari sun fi mutuwa, kashi 48 cikin ɗari a kan 33 na waɗanda aka kula da su yadda aka saba. Mu da injin numfashi bai wadace mu ba, mu ya kamata mu fi kowa tsoron ambaliya. Dopamin kuwa, wani maganin ɗaga tansiyon, sai in babu yadda za a yi, yana rikita bugun zuciya.

Ku ƴan yanzu matsalarku waya. Ku ɗaura magani ku koma kujera kuna latsawa. Wannan magani ba a juya masa baya. Ba a tura shi gaba ɗaya, ba a yanke shi farat ɗaya, ɗigo-ɗigo yake tafiya bisa umarnin likita. Ka riƙa duba bakin allurar: in fatar ta yi fari ko ta yi sanyi, ya zube a nama, ka tsayar ka sauya jijiya nan take, in ba haka ba wurin zai ruɓe. Ka danna farcen majinyaci, jini ya dawo kafin daƙiƙa 3. Fitsari ya kai rabin mililita a kowane kilo cikin awa. In bai kai ba ka tashi likita, ko da zai zage ka.