Kuɗin harajin kayan lefe: wa za a mayar wa, kai ko Yaya?

Wani ƙanenmu ɗan Gwammaja da ke aiki a Jamus shekara huɗu kenan ya turo tambaya. Zai zo gida biki, ya fara sayen kayan lefe a can, turaruka da jakunkuna da takalma da agogo, sai wani ya ce masa ai a filin jirgi ana mayar wa mutum harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, in ya nuna koren fasfo. Ya ce kuma yayarsa tana wajensa yanzu da bizar ziyara, tare za su taso daga Frankfurt.

Toh ango, Allah ya sanya alheri. Wanda ya ba ka labarin rabin zancen ya ji. Su kwastam ɗin Turai ba launin fasfo suke dubawa ba, inda kake zaune suke dubawa, kai kuma kana da katin izinin zama a Jamus, a wajensu kai ɗan gida ne ko da a bakin Kurmi aka yanke maka cibiya. Haka ɗalibai ma, in dai takardarka ta ba ka zaman da ya wuce wata uku ka fita daga lissafi. Kayan da ka riga ka saya da sunanka kam sai haƙuri.

Amma Yaya ta cancanta, ita baƙuwa ce, gidanta Kano. Saboda haka ragowar sayayyar ita za ta yi, da fasfonta a hannu, ta ce wa mai kanti ya cike mata fom ɗin mayar da haraji da sunanta da lambar fasfo. Ba kowane kanti ke yi ba, a tambaya kafin a biya, galibi za ku ga takardar Global Blue ko Planet, kamfanonin da ke mayar da kuɗin, manne a ƙofa. A Jamus sai rasit ya haura yuro 50, in kun tsallaka Faransa sai ya haura yuro 100. Kuma kayan su bar Tarayyar Turai kafin ƙarshen wata na uku bayan watan da aka saya, wato abin da aka saya a Afrilu ya fita kafin Yuli ya ƙare.

Kar ka sa rai da yawa fa. Harajin Jamus kashi 19 ne amma a cikin farashi yake, in ta kashe yuro 1,000 harajin da ke ciki kusan yuro 160 ne ba 190 ba, sannan kamfanin da ke biya zai cire ladansa, in ta ce kuɗi a hannu take so su ƙara cirewa, in an ce za a canza mata zuwa wani kuɗin nan ma a ƙara gutsira. Duk da haka in ka buga abin da ya rage da naira zai sayi akwati mai kyau a Kwari, ba abin rainawa ba ne.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen hatimin da kwastam ke bugawa a fom ɗin, wanda in babu shi ba a biya, kuma ni ma ya taɓa cina. Na taɓa tasowa daga wani filin jirgi a Turai, ina sauri na ba da akwatuna duka suka wuce, na zo gaban jami'in kwastam da fom ɗina a jere ina murmushi ya ce ina kayan, na ce sun shiga, ya miƙo min takarduna, shikenan wlh ko sisi. Don haka ku je da wuri, a ƙara awa guda a kan lokacin da kuka saba. A wajen auna kaya ta gaya musu akwai na kwastam a wannan akwatin, za su liƙa masa takarda su ba ta ta ja shi zuwa ofishin kwastam, can za a duba a buga hatimi. Kayan su kasance sababbi, kar a ce bari a ɗan fesa turaren a ji ƙamshi. Wanda ke jakar hannu kuma sai a filin jirgi na ƙarshe kafin ku bar Tarayyar Turai, in ta Addis Ababa ko Alƙahira za ku bi kai tsaye to duk a Frankfurt za a gama. Bayan hatimi sai ta kai fom ɗin teburin kamfanin, ta ɗauki hotonsa a waya kafin ta miƙa.

Dan Allah kar ka saka wayarka ko kwamfutarka a sunan Yaya alhali da ita za ka koma Jamus. An yafe harajin ne don kayan sun fita, in ka dawo da su kuma sun haura yuro 430 dole ka bayyana ka biya, in aka kama ka ba ka faɗa ba ga tara, mai jiran sabunta takardar zama kuwa ba ya son sunansa a fayil ɗin kwastam kan waya ɗaya.

Ga masu karantawa daga wasu wuraren: Ingila ta daina wannan tun Janairun 2021, kar a wahalar da kai a Heathrow. Dubai kuma suna yi, harajinsu kashi 5, sayayya daga dirhami 250, a tantance cikin kwana 90, amma mai izinin zama a can shi ma ba ya samu. Kai ango in ka biya ta Dubai sayen sarƙar gwal, a can kai ne baƙo, da sunanka za a yi.

Rasit ɗin kuma kar a yar bayan an karɓi kuɗi, in kun sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano aka buɗe akwatuna aka ga turare dozin biyu, su ne za su nuna nawa aka saya. Atamfa da shadda dai ka bari ka zo gida, gwaggonninka ba za su yarda da zaɓinka ba ko daga ina ka ɗauko.