Tambaya da Amsa: Mai tsaron baya ya taɓa cin Heisman?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Jami'ar Michigan, ba shi da zance sai ƙwallon Amurka. Wai masu tsaron bayansu ma suna cin kyauta?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Alhaji. Charles Woodson, mai lamba 2, ya ci kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan ƙwallon Amurka na jami'o'i duk shekara, a 1997, ya kayar da Peyton Manning na Jami'ar Tennessee. Shi ne na farko da ya ci ta alhali tsaron baya ne babban aikinsa. Har yau nakan sake kallon wasansu da Michigan State a shekarar: ya daka tsalle a bakin layi, ya cafke ƙwallon da hannu ɗaya, ya dire cikin fili. Wallahi tsigar jikina tashi take yi. Aidan Hutchinson, wani mai tsaron bayan Michigan, shi ma ya ci kyautar Lombardi, wata babbar kyautar ƙwallon jami'o'i, a 2021. Tambayi yaron, ya san shi.