Zauren Tambaya: Ina son zama marubuciya, wane kwas zan cike a JAMB?

Anti, barka da aiki. Na gama sakandare bana. Tun ina aji huɗu nake rubuta labarai ina sakawa a Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp, kuma ana yabawa. Na gani a intanet cewa a Amurka da Ingila ana yin digiri a kan ƙagaggen rubutu. Shin akwai irinsa a nan? Na so in cike Hausa, amma yayana ya ce kwas ne na waɗanda suka rasa gurbi, wai zanyi asarar shekara huɗu. Me kike gani?
Daga wata ɗiyarki a Funtuwa

Ɗiyata, Allah ya yi albarka. Abin da kika gani gaskiya ne. Jami'ar Iowa ta Amurka tana da irin wannan shiri tun 1936, ta East Anglia a Ingila kuma tun 1970. Amma waɗannan biyun digiri na biyu ne, da Turanci ake yin su, kuma sai mutum ya gama na farko sannan ya aika samfurin rubutunsa a duba. Saboda haka ko can kike hari, ta nan za ki bi.

A nan gida an fi samun darasin ƙagaggen rubutu a cikin wani kwas, ba a matsayin digiri mai zaman kansa ba: Hausa, Turanci da adabinsa, aikin jarida, ko wasan kwaikwayo. Tunda da Hausa kike rubutu, ni shawarata ki cike Hausa ba tare da jin kunya ba. Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk sun daɗe suna koyar da ita har zuwa digiri na uku. Ki tabbatar kina da kiredit biyar har da Turanci, sannan ki duba kundin JAMB na bana ki ga darussan da kowace jami'a take so kafin ki biya kuɗin fom. Aikin jarida ya zama zaɓinki na biyu.

Yanzu bari in gaya miki abin da makaranta za ta ba ki wanda guruf ba zai ba ki ba. A guruf, kina saka shafi za a cika miki waya da "sharhi" na yabo, ana cewa a ƙaro. Babu mai ce miki an kai shafi na uku tauraruwarki tana gaban madubi tana shafa hoda, an faɗi launin leshinta da sunan turarenta da irin motar da ke jiranta a waje, amma har yanzu ba a san abin da ke damunta ba. A aji kuwa, malami zai sa ki karanta a gaban mutane, wani ɗan ajinku ya ɗaga hannu ya ce shi bai ga dalilin da ya sa mijin ya sake ta ba. Ranar za ki ji zafi, amma daga nan gyara yake farawa. Za a tilasta miki karanta zube da waƙa da wasan kwaikwayo tun daga littattafan da gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 a Zariya ta haifar, ki ga yadda na gaba suka gina labari. Ga kuma ƙa'idojin rubutu. A wasiƙarki kin haɗe "zan yi" wuri guda, na bar shi yadda yake don ki gani. Ƙaramin abu ne a ido, amma shi edita da alƙalin gasa suke fara gani.

Maganar yayanki kuwa, kada ki ɗauke ta a matsayin ƙiyayya. Tsoron abin da za ki ci yake yi, kuma yana da hujja, domin labari shi kaɗai ba kasafai yake riƙe mutum ba. Kasuwar bugaggun littattafai ta Kano ta ja baya ƙwarai, komai ya koma waya, kuma kin san yadda ake tura littafin kuɗi kyauta daga wannan guruf zuwa wancan. Abin da ke ciyar da yawancin marubuta shi ne rubutun aiki: fassara, rubuta labarai a gidan rediyo da jarida, tallace-tallace, sanarwar hukumomin lafiya, tsara labarin fim mai dogon zango irin wanda tashar Arewa24 take nunawa tun bayan buɗe ta a 2014. BBC da DW da RFI duk suna da sashen Hausa. Na yi shekaru a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, kuma abin da muka fi wahalar samu shi ne wanda za a miƙa wa rahoton kasafin kuɗi na Turanci saura minti ashirin a shiga labarai, ya mayar da shi Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, ba tare da ya karkatar da adadi ko ɗaya ba. Masu jin Hausa sun yi yawa, masu wannan ba su da yawa. Don haka kada ki yi wasa da Turanci don kin zaɓi Hausa. Mai harshe biyu a hannu shi ake nema.

Ki samu yayan naki cikin ladabi ki lissafa masa waɗannan ayyuka. In da hali, ki haɗa shi da wani malamin Hausa ko ɗan jarida a garinku su tattauna, domin wani lokaci babba ya fi jin magana daga bakin babba.

Kafin sakamako ya fito, ga aiki. Ki ajiye dogon labari mai shafi ɗari tukuna, ki rubuta gajere wanda bai wuce kalma 1,500 ba, a kan mutum ɗaya da matsala ɗaya. Ki ajiye shi mako guda, ki dawo ki yanke duk abin da labarin zai tsaya ba tare da shi ba. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, kuma irin wannan gajeren labarin ake shiga da shi. Ki riƙa bibiyar sanarwarsu ki karanta sharuɗɗan da kyau. Ki nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, mafi kusa da ke, ki je zaman karatunsu tare da wata 'yar'uwarki. Idan kin gama gajeren labarin, ki aiko mini ta adireshin mujalla, zan duba miki.