Jatan landen kasuwar Wunti daga ina yake?

Malama Hauwa, kin tambaya ko busasshen jatan landen da ake awo a kasuwar Wunti ta Bauchi 'ya'yan kifi ne. A'a, dangin ƙaguwa ne: ƙafa goma, ba ƙashi a ciki, ɓawo ne ke rufe jikin, in ya yi musu kaɗan su tuɓe su yi sabo. Daga wurare irin su Oron ta Akwa Ibom ake kawo shi, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku, a kyafe shi da hayaƙi. Manyan kuwa jiragen ruwa ke kamo su, akasari a fitar waje, shi ya sa ba ma ganinsu a Bauchi.  In za ki saya, ki sansana, mai warin danshi ya kwana biyu.